Mashin ɗin Katsina

Shekara goma sha ɗaya Malam Hamisu ya yi yana rubuta wa mutane takardu a Ɗan Issa, bakin iyaka, ƙarƙashin rumfar kara da ke kallon biron duwan, wato ofishin kwastan. Direbobin kamyo masu dakon kaya, 'yan kasuwa, manoman da ke neman ganin kumanda mai mulkin yankin, duk gabansa suke zama su faɗi buƙatarsu da Hausa, shi kuma ya buga ta da Faransanci. Mashin ɗinsa ta rubutu tsohuwa ce mai nauyi da ya saya a Maraɗi lokacin da ya bar aikin sakatare. Ba ya kallon haruffanta. Idonsa na kan mai magana, yatsunsa na aikinsu.

A watan Afrilu na 1973 ƙarfen da ke buga harafin e ya karye. Mai gyara a Maraɗi ya jujjuya guntun ya ce sai an aiko da wani daga Yamai, ƙila wata biyu, ƙila uku. Hamisu ya dawo gida ya zauna. Faransanci ba ya rubutuwa in babu e.

Matarsa Ɗelu ce ta aika wa ƙanenta Yahaya, wanda ke irin wannan sana'a a bakin kotu a Katsina. Ranar kasuwa sai ga shi ya sauko daga mota, da ƙaramin akwati a hannu, yana fara'a.

"Yaya Hamisu, ga tafireta na kawo maka aro. Ɗaga ka ji. Ko Ɗelu ta iya ɗaukarta da hannu guda. Waccan taka sai an nemo jaki."

"Nauyin nan shi ya sa ba ta rawa bisa tebur."

"To ga ta nan ba ta rawa, ba ta kuma rubutu. Irin wannan, yau ta lalace, gobe ka samu kayanta a Kano. Zaren tawadarta har a kantin unguwa ana saidawa. Kuma dubi lambobi, kai tsaye kake bugawa. Ku sai kun danne wani abu da ɗan yatsa kafin ku rubuta biyar."

Hamisu ya sa takarda, ya gyara zama, ya buga sunan Madarounfa kamar yadda ya buga shi sau dubbai. Da ya duba sai ya ga :qdqrounfq.

"Mi ne ne wanga?"

Yahaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya nuna masa cewa a mashin ɗin Ingilishi q ne ke zaune inda Faransawa suka sa a, w kuma ya yi musaya da z, m ya sauko layin ƙasa.

"Mako guda ka saba."

"To ina é? Ina ç? Da mi zan ɗora wa haruffa hula?"

"Alƙalami gare ka. In ka gama sai ka bi ka ɗiga musu. Yaya, duniya duk irin tamu take bugawa."

"Duniyar wa? Bara-bara kuka bar tuƙi a hagu kuka dawo hannunmu. Ku dawo da haruffan ma."

Ɗelu ta kawo musu fura ta ce su sha su bar gardama, ai ko ta Faransa ko ta Ingila babu wadda ta iya rubuta sunanta daidai, duka Delu suke bugawa.

Mako uku Hamisu ya yi yana fama. Takardar da a da yake gamawa kafin mai ita ya gama gaisuwa, yanzu sai ya yage biyu kafin ta uku ta fito. Dole ya sunkuyar da kai yana neman haruffa ɗaya-ɗaya. Wani direba ya tsaya yana kallonsa ya ce, "Malam, ko ido ne ya fara?" Ranar bai iya cin abincin rana ba. In ya gama bugawa sai ya bi layi-layi da alƙalami yana ɗora huluna, takarda ta fito kamar kaji sun bi ta kanta. Amma a hankali q ya daina yi masa kutse, har ya fara ɗaga kai yana kallon mutane.

A cikin makon na uku Hajara ta zo daga Safo a kan amalanken jaki. Mijinta ya rasu, ɗiyarta Zuwaira ce ta fi kowa ƙoƙari a lakwal, makarantar bokon garinsu, kuma daraktan lakwal ya ce ba za ta zauna jarrabawar shiga kwaleji ba sai da takardar haihuwa. Hamisu ya buga mata takardar nema. Ya bi ta sau biyu yana farautar q, bai sami ko ɗaya ba. Ya ɗora huluna, ya karanta mata da baki, ta dangwala yatsa ta tafi da ita biron kumanda a Madarounfa.

Bayan kwana goma ta dawo. Ba ta zauna a benci ba.

"Malam Hamisu, wa ce Wuzera?"

"Wa?"

"Ni ma ita nike tambaya. Mushe, daraktan lakwal, ya ce takardar da aka ba ni ta wata Wuzera ce, shi kuwa Zuwaira gare shi cikin littafi. Ni ban haifi Wuzera ba."

Ya karɓi takardar. Ga hatimi, ga sa hannu, ga suna da manyan haruffa: WOUZERA. Ya jawo kwafin da ya ajiye na takardar neman. Haka ya buga. Yatsansa ya je inda z take a tsohuwar mashin, ya tarar da w, ya je inda w take, ya tarar da z. Idonsa kuwa q kaɗai yake nema. Ma'aikacin biro ya kwafe abin da ya gani.

"Laifina ne, Hajara."

"Na san laifinka ne. Jibi ake aika sunaye Maraɗi."

Washegari da sassafe ya rufe rumfa, suka hau motar kasuwa zuwa Madarounfa. Ya rubuta takardar neman gyara da hannu, rubutu mai kyau irin na 'yan lakwal ɗin da. Sakataren biron, Sani, wanda suka taɓa aiki tare a Maraɗi, ya duba ya girgiza kai. Kumanda ba ya karɓar rubutun hannu. Amma saboda sanayya ya ce in an tashi hutun rana Hamisu ya zauna a mashin ɗinsa ya buga.

Da tsakar rana biro ya watse. Hamisu ya zauna gaban babbar mashin irin tasa, ya shafa ta, ya ga é da ç kowanne a mazauninsa, ya ji daɗi ya kama shi. Ya ɗaga kai ya saki yatsu. Layi guda ya yi ya duba.

Q ne ko'ina. Yatsun sun koyi hanyar Katsina.

Ya zare takardar ya dunƙule. Ta biyu ma haka, rabi Faransa rabi Ingila. Hajara na tsaye bakin taga tana kallonsa, gumi na sauko masa har cikin ido. Ta uku da yatsa ɗaya ya buga ta, harafi bayan harafi, yana faɗin sunan kowanne a hankali kamar sabon shiga.

Sani ya dawo ya karanta, ya ce takarda ta yi kyau, sai dai abin da aka riga aka shigar a babban littafi ba ya gogewa a nan. Sai alƙali a Maraɗi ya yi hukunci, kuma wannan wata guda ne in an yi sauri.

"To jarrabawar fa?" in ji Hajara.

"Inna, hanya guda ce. Mushe ya gyara nashi littafi ya dace da namu. Ta zauna a matsayin Wouzera. In ta ci, sai a nemi gyara daga baya."

Hajara ta juya ta dubi Hamisu.

"Ubanta ya raɗa mata sunan uwarsa. Rago ya yanka."

Hamisu ya raka ta har Safo, ya yi wa darakta bayani da bakinsa, ya tsaya har aka ja layi a kan sunan aka rubuta ɗayan. Ya ce zai bi maganar alƙali da kansa. Hajara ta ce Allah ya sa, ta shige gida ba ta yi masa sallama ba.

Ranar kasuwa Yahaya ya zo, ya tarar da tafiretarsa a rufe cikin akwatinta a bakin ƙofa. Hamisu ya ba shi labari duka. Yahaya ya ce Allah ya kyauta, abin bai yi daɗi ba. Can kuma ya ce, "Amma Yaya, ka ga wannan ba laifin tafireta ba ne. Da tun farko a kanta ka koya..."

"Ɗauki abarka, Yahaya."

"Wata guda kawai ka ƙara, wallahi ba za ka so komawa ba."

"Ɗauki, motar Jibiya na cika."

Yarinyar ta ci jarrabawa, ta tafi kwaleji a Maraɗi. Sau huɗu Hamisu yana zuwa gaban alƙali, kowane zuwa a ce ya dawo da wani shaida. Ranar zuwa na huɗu ya biya ta kwalejin don ya kai mata saƙon ƙuli-ƙuli daga uwarta. Ya ce wa mai gadi Zuwaira yake nema, 'yar Safo. Mai gadi ya ce babu mai wannan suna. Hamisu ya daɗe tsaye a rana da ƙullin a hannu, sannan ya faɗi ɗaya sunan, aka shiga aka kira ta.