Haƙoran Hayatu da na Ɗiyarsa

Hayatu ɗan Ƙofar Taramniya ne, yadi yake sayarwa a babbar kasuwa, a rumfar da ya gada daga mahaifinsa. Wanda ya san shi yanzu da yawan dariya ba zai ɗauka akwai lokacin da yake kare baki da hannu in zai yi magana ba. Tun yana yaro haƙoransa na gaba ba sa haɗuwa. In ya datse baki, turamen baya ne kaɗai ke taɓa juna, gaba kuwa sai a ga kafa wadda ƙaramin yatsa zai iya shiga. Rake sai an yanyanka masa, tsire kuwa sai ya kai shi can gefen baki ya yaga. Ta wannan kafar harshensa ke leƙowa in yana magana, shi ya sa yara a makaranta suka laƙaba masa Mai Taga.

Sai da ya haura shekara ashirin aka yi masa aiki. Wata likitar haƙori a babban asibiti, Dakta Bara'atu, ta duba shi ta ce sai an cire haƙora huɗu, biyu sama biyu ƙasa, don a sami wurin da za a ja na gaba su koma baya su haɗu. Mahaifinsa ya daɗe bai yarda ba, yana cewa shi bai taɓa jin an cire lafiyayyen haƙori da sunan gyara ba. Da ya ga Hayatu ya nace, ya sa masa albarka ya ƙyale shi. Aka cire, aka ɗaura masa waya a haƙoran, ya yi fiye da shekara biyu yana zaryar asibiti. Da aka kwance wayar, likita ta ba shi wata roba mai siffar haƙoransa, ta ce ya riƙa kwana da ita don kada su zame.

Ya riƙe wannan umarni na wasu shekaru. Ya auri Wasila, suka koma Unguwar Rogo, 'ya'ya suka zo, hidima ta ƙaru. Wata rana robar ta tsage, ya ce zai je a sake masa wata, bai je ba, har ya daina tunawa da ita.

Babbar ɗiyarsu Safiya na shekara goma sha biyu Wasila ta lura yarinyar ba ta iya gatsar gwaiba sai ta gefe. Ta sa ta datse baki, sai ga irin kafar nan ta ubanta. Hayatu na dawowa kasuwa ta nuna masa. Shi bai ga abin tashin hankali ba, ya ce ai hanyar sananniya ce, a kai ta inda aka kai shi. Wasila ba ta amince ba. Ɗan wata 'yar'uwarta an sa masa waya a wani gari, ya sha wuya, bayan 'yan shekaru bakin ya sake buɗewa kamar ba a taɓa shi ba. Ta ce ba za ta bari a cire wa ɗiyarta haƙora a kan aikin da ba ya ɗorewa ba.

Hayatu ya buɗe baki ya nuna mata nasa, ya ce ga shaida. Ta dube shi ta ɗan yi murmushi.

"Baban Safiya, kai ba ka duba madubi. Wanga na ƙasa ya karkace, na daɗe da gani."

Bai musa ba, don harshensa ya riga ya gaya masa. Ya jima yana jin wani haƙori a ƙasa ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. In yana zaune a rumfa babu ciniki yakan shafa shi da harshe, sai mai saye ya shigo ya manta. Yanzu da Wasila ta faɗa, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce to, su je su ukun, a fara duba shi, abin da aka gani a bakinsa shi zai raba gardama.

Sun sami Dakta Bara'atu tana nan, furfura ta fito mata a gefen ɗankwali, ga tabarau. Da suka gaisa ba ta gane shi ba, sai da ya kwanta a kujera ya buɗe baki ta ce ai wannan aikinta ne. Ta sa aka nemo tsofaffin hotunan bakinsa, na kafin aiki da na ranar da aka kwance waya. Safiya ta ga na farkon ta ƙyalƙyale da dariya, uwar ta harare ta, ita ma tana danne tata.

Likita ta sa wata siririyar takarda tsakanin haƙoransa na gaba, ta ce ya ciza. Ta ja, takardar ta ƙi fitowa. Ta auna, ta gwada da hoton, ta ce na sama har yanzu suna rufe na ƙasa, sun ɗan zame kaɗan daga yadda ta bar su amma ba abin damuwa ba ne. Wanda ya karkace kuwa, ta ce ko mutumin da bai taɓa sa waya ba haƙoransa na ƙasa sukan cushe in shekaru sun tura, balle wanda ya jefar da robarsa. Hayatu ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Wasila ta gyara zama ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Likita, ki gaya min gaskiya. In an yi ma ɗiyata, zai zauna?"

"Ba zan rantse miki ba," in ji likita. "Akwai waɗanda nasu ke komawa, na gani da idona. A masu irin bakin maigidanki, waɗanda na cire ma haƙora sun fi riƙewa. Amma ba kowane baki ke buƙatar a cire ba."

Daga nan ta duba Safiya. Ta ba ta ruwa ta ce ta haɗiya a hankali, ta nuna wa iyayen yadda harshen yarinyar ke tura haƙoran gaba duk lokacin da ta haɗiyi abu. Ta ce in ba a hana harshen wannan ɗabi'a ba, ko me aka yi zai sake buɗe wurin. Tunda Safiya na cikin girma, za a fara da wani ɗan ƙarfe da ke tare harshe, tare da koya mata inda za ta riƙa ajiye shi. Maganar cire haƙori sai nan gaba, in ta kama.

A hanyar gida Wasila ba ta ce ta yarda ba, amma ta tambayi Hayatu ranar da aka ce su dawo, kuma da ranar ta zo ita ta kai yarinyar.

Hayatu ma aka yi masa sabuwar roba. Karkataccen haƙorin ya ce a bar shi, ya saba da shi, in dai ba zai ƙara tafiya ba. Safiya ta sha fama da ƙarfen a makonnin farko, tana magana da ƙyar, tana ƙin tuwo sai kunu, daga baya ta saba. Bayan shekara guda kafar ta ragu sosai, likita ta ce da alama waya kaɗai za ta isa.

Ranar da aka ɗaura wayar, Safiya ta zaɓi shuɗaye a cikin ƙananan robobin da ke riƙe wayar don su dace da kayan makarantarta. Daga asibiti ita da uwarta suka biya ta kasuwa, ta zauna a rumfar ubanta tana buɗe wa maƙwabtansa baki suna kallo, shi kuma yana auna wa wata mata shadda, yana yi musu bayani ba tare da ya ɗago kai ba.