Gurar Aulis Ba Ta da Alama

Aulis ya sake jefa ƙugiyar cikin ruwa, ya saki igiya har ya ji ƙarfen ya taɓa ƙasa, sannan ya ce wa 'yarsa ta ja kwale-kwalen.

"A hankali, Mervi. Ba tsere muka zo yi ba."

"A hankali nake ja, Baba. Hannuna ne ya fara tsami."

Bai kula ta ba. Ya bi igiyar da yatsunsa yana jiran ya ji ta maƙale a wani abu mai nauyi. Ta maƙale ɗin kuwa, murna ta kama shi, amma da ya jawo sai ga ciyawar ruwa da wani ruɓaɓɓen reshe. Ya yi tsaki ya yar da su.

Ƙanƙarar da ke rufe tafkin da hunturu ba ta daɗe da narkewa ba. Rana ta fara ɗumama bayan wuya, amma ruwan har yanzu cizo yake yi kamar yana da haƙora. A irin wannan lokaci ne kifi mai zane yake barin zurfi ya taso neman rassan da zai rataya ƙwansa, kuma duk tsohon da ya san ciwon kansa a ƙauyen ya tanadar masa wurin. Bishiyar Kirsimeti ba a yar da ita. A jingine ta bayan rumbu ta bushe, ƙanƙara na tafiya a ɗaura mata dutse a nutsar, a ajiye gura, tarkon kifin nan na wayar ƙarfe, a gefenta. Kifi ya zo haihuwa, ya shiga gura, ya kasa fita.

Doka ta ce kowa ya ɗaura wa gurarsa farar jarka mai sunansa, ta riƙa yawo a saman ruwa. Aulis bai taɓa yi ba. A cewarsa, wanda ya sa alama ya aika wa ɓarawo goron gayyata, kuma ɓarawon da yake nufi shi ne Teuvo, maƙwabcinsa tun suna yara. Shi nasa alamomin a bakin gaɓa suke. In hasumiyar coci ta ɓuya daidai bayan bishiyar nan mai kai biyu da ke gonar Teuvo, jan ɗakin wankan tururi kuma ya hau kan farin dutse, to kana bisa wurin. Haka ubansa ya koya masa, haka ya yi har gemunsa ya yi fari.

Yau kuwa ba kifin ne ya dame shi ba. Mervi ta taso daga birnin Oulu da maganar wani ɗaki da ta samar masa kusa da gidanta, mai na'urar hawa bene da ma'aikaciyar jinya a ƙasa. Tun rasuwar mahaifiyarta Kerttu a kakar bara take ta kewaye-kewaye, jiya dai ta fito fili. Wai ya ƙona butar kofi har biyu. Wai matar Teuvo ta gan shi ranar Asabar sanye da kwat ɗin zuwa coci yana jijjiga ƙofar cocin da ke kulle, yana faɗa da ita, ya ɗauka Lahadi ce.

"Mutumin da kansa ya taɓu," in ji Aulis a jiyan, ya buga tebur, "zai iya kai ki kan gura a tsakiyar tafki ba alama? Gobe ki shigo jirgi. In na ciro ta, ki bar mini zancen Oulu."

"In ba ka ciro ba fa?"

"Sai ki ɗaure ni ki sa a mota."

To ga shi gobe ta yi, rana ta ɗaga, gura ta ce ba ta san zancen ba.

Ya ɗaga kai ya sake duba gaɓa. Jan ɗakin yana nan bisa farin dutse, babu kuskure. Ya juya wajen coci. Hasumiyar tana tsaye tsirara a sararin sama, babu abin da ya tare ta. Ya runtse ido ɗaya, ya buɗe. Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. Ina bishiyar? Ko dai ba daga wannan gefen ake kallonta ba? Ko hasumiyar ce ke hawa dutse, ɗakin wanka ya ɓuya bayan bishiya? Abin da ya sani kamar yunwar cikinsa sai ga shi yana juya masa a kai, kowane ya yi kama da daidai, kowane kuma ya yi kama da ƙarya. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a ranar da ƙanƙara ta fashe a ƙarƙashinsa yana saurayi.

"Matsa hagu kaɗan," ya ce.

"Hagunka ko haguna?"

"Hagu dai!"

Mervi ta ja, jirgin ya juya a wuri ɗaya. Ta ajiye filafilai, ta buɗe jaka ta miƙo masa baƙin burodi da man shanu.

"Yaushe ka nutsar da ita ma?"

"Ranar da ƙanƙara ta tafi. Da hantsi."

"Kai kaɗai? Wa ya riƙe maka jirgi?"

"Ni jariri ne da sai an riƙe mini jirgi?"

Ya gatsa burodin da ƙarfi. Ai yana ganin ranar a idonsa. Bishiyar ta ƙi nutsewa da farko, ta kwanta a kan ruwa, sannan dutsen ya ja gindinta ta miƙe tsaye ta yi ƙasa. Wani zaren azurfa na ado da aka manta a jikinta ya taso yana walƙiya. Da ya tura gurar, ruwa ya fantsamo masa a fuska, har aka yi masa dariya. Aka yi dariya? Ya daina tauna. To wa ya yi dariyar, in shi kaɗai ne? Ya ce a ransa wataƙila agwagwar ruwa ce, su ma suna da wani kuka mai kama da shewa. Ya ci gaba da cin burodinsa.

Ƙarar ƙaramin inji ta taso daga bayan tsibiri. Ko ba a faɗa ba Aulis ya san tarin injin nan.

"Ga uban 'yan sa ido nan," ya ce.

Teuvo ya kashe inji ya bar jirginsa ya sulalo kusa da nasu. Ƙato ne mai jar fuska, da hular ulu wadda ko a tsakiyar zafi ba ya cirewa. A ƙasan jirginsa kifaye ne masu zane suna ta tsalle-tsalle cikin bokiti, kuma ya tabbatar ya karkato bokitin yadda kowa zai gani.

"A'a, Mervi, saukar yaushe? Ke ce direban tsohon nan yau? Tun safe nake hango ku kuna zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Me ya ɓata, tsoho? Haƙoranka ne suka faɗa ruwa?"

"Kifi na ganinka, mai jar koma," in ji Aulis. "Wurina ka zo leƙe."

"Wane wuri? Ni bana ko sau ɗaya ban ga jirginka a ruwa ba."

"In ka gan ni ai na zama kai. Ni ba na fita da ganga."

Teuvo ya ƙyalƙyale da dariya har jirginsa ya yi tangaɗi. Mervi ta dubi ubanta, ta dubi Teuvo, sannan ta yi tambayar da Aulis zai gwammace ya nutse da ya yi ta da bakinsa.

"Kawu Teuvo, akwai wata bishiya mai kai biyu a gonarka, ko? Baba yana ta nemanta."

"Mervi!"

"Af," in ji Teuvo, ya tura hula baya. "Ashe da bishiyata kake auna wurin? Shekara da shekaru ina kallon duwatsu kamar wawa! Ai ta tafi, mutumina. Iskar nan ta tsakiyar hunturu ta karya mata kai ɗaya, ya rage kaɗan ya faɗo mini a kan rufi. Na sa aka sare ta. Rabinta ma na riga na ƙona, kuma ta yi wuta mai kyau."

Ashe ba idon Aulis ba ne, ba kuma kansa ba. Bishiyar ce babu. Hankalinsa ya kwanta, sai ga shi yana zagin Teuvo da murya mai daɗi, yana ce masa mugu, maci amana, wanda ya ƙona gadon mutane ya gasa ƙafa.

Mervi kuwa dariya ta kama yi, tana yi tana share ido da bayan hannu.

"Haba Baba, da ka faɗa mini tun ɗazu. Ni ina nan zuciyata kamar ta fito."

"Da me zan faɗa miki? Ke da kin riga kin yanke hukunci."

"To na janye. Wannan ba laifinka ba ne, ko matuƙin jirgin sama aka sare wa alamarsa sai ya ɓata. Mu bar zancen Oulu zuwa kaka."

Teuvo ya jefo musu kifi huɗu cikin jirgi, ya ce sadaka ce ga marasa gura, ya tada injinsa ya wuce yana waƙa.

A hanyar komawa Aulis ya karɓi filafilai da kansa. Ƙarfi ya dawo masa. Ya nuna wa Mervi inda ciyawa ta fara kore a bakin ruwa, ya ce gobe zai fito da sassafe ya auna wurin da kututturen bishiyar, ai Teuvo bai ƙona kututture ba. Ya ce zai soya kifin nan da man shanu yadda uwarta take yi, ko da yake kifin Teuvo ɗanɗanon mai shi gare shi.

Suka ja jirgin kan gaɓa. Mervi ta ɗauki kifin ta nufi gida ta ɗora kofi, shi kuma ya zagaya bayan rumbu don ya shanya jiƙaƙƙiyar igiyar ƙugiya.

Nan ya tsaya.

Bishiyar Kirsimeti tana jingine da bango, ta bushe ta yi ja, ganyenta ya zube a ƙasa. An ɗaura mata dutse a gindi, ɗauri mai kyau, ɗaurinsa. A gefenta gurar waya ce a kife, busasshiya ƙayau, gizo-gizo har ya yi saƙa a bakinta.

Ya kai hannu ya taɓa wayar. Da farko ya ce wani ne ya ciro ta ya kawo nan don ya yi masa wasa, Teuvo mana, wa zai yi in ba shi ba. Amma bishiyar da ta kwana a ruwa ba ta yin ja haka. Ya nemi zaren azurfar a jikin rassan bai gani ba, sai ya tuna bana ko ado bai yi mata ba, don babu wanda zai yi wa. Zaren na bara ne. Hantsin nan na bara ne. Kerttu ce zaune riƙe da filafilai da jan ɗankwalinta, ita ce ta yi dariya da ruwa ya wanke masa fuska, ta ce Allah ya ƙara, gobe ma ka ƙi sa jarka.

Ya zauna a kan itacen faskare. Kunya ta rufe shi, kewar matarsa kuma ta fi kunyar yawa. Akwai tsohon tamfol a kusa, in ya ja shi ya rufe kayan, Mervi za ta koma Oulu jibi da farin cikinta. Ya dubi tamfol ɗin, ya daɗe yana dubansa.

"Baba, kofi zai huce!"

Bai motsa ba. Ya ji takunta a kan tsakuwa, ya ji ta zagayo kusurwar rumbun, ya ji ta tsaya. Ba ta yi ihu ba, ba ta ce ai na faɗa ba. Tsayawa kawai ta yi da tsumman goge hannu, tana kallon bishiyar.

"Wataƙila wata ce daban," ta ce a hankali. "Wataƙila kana da biyu."

"Ɗaya gare ni."

Tsuntsaye na ta hayaniya a kan rufi. Mervi ta rataya tsumman a ƙusa, ta sunkuya ta kama bishiyar ta wajen dutsen.

"Kifin bai gama haihuwa ba, ko? Kama can in kama nan."

Aulis ya miƙe, amma bai kama ba. Ya shiga rumbu, aka ji yana ture kaya, can ya fito da wata farar jarka duk ƙura. Kerttu ce ta rubuta sunansa a jiki da baƙin fenti tun shekarun baya, ya ce ba zai sa ba, ta ce za ta jira. Ya goge ta a cinyarsa, ya jawo igiyar gurar ya fara ɗaurawa.

"Baba, Kawu Teuvo zai ga wurinka fa."

"Bar shi ya gani," in ji Aulis, ya ja ƙullin da haƙori. "Ai dole a samu mai cirowa in na manta."