Sojan da Na Ajiye a Karkace

Injin yankan ƙarfe ya cinye mini yatsu biyu, likitoci suka ce hannun ya tafi. Su suka riga shi tafiya, hannu yana nan. Da yatsu ukun da suka rage na riƙe teburi na ɗaya, mazaunin gwani, a ƙungiyarmu ta wasan ces, darar Turawa, shekara goma sha ɗaya, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba.

A gasar bana aka kawo wani lauya mai tabarau, sai ƙamshin turare. Aka ce ni da shi, wanda ya ci wasan ƙarshe, teburin nasa ne. Ya iya, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma iyawar aku ce, haddar littafi.

Hannuna ba ya ajiye ɗan ces a tsakiyar gidansa a kan allo, kullum a karkace. Abin ya tsaya masa a rai. Da na saki ɗa sai ya ce, "Na gyara," ya sa yatsa ya daidaita mini. Doka ce: in ba ka furta haka ba, ɗan abokin karawarka da ka taɓa, dole ka ci shi.

Ya ce, "Baba, ba ka gaji ba? Jikoki na jiranka."

Na ce, "Kofi suke jira, ɗana."

Bayan awa uku ya fi ni da doki guda. Amma na lura, da ya hango nasara, bakinsa tsiya yake yi. Na tura soja gaban sarauniyarsa, wani sojana na tsaronsa, na ajiye shi rabi a farin gida rabi a baƙi.

"Haba Baba, ajiyewar ma sai an koya maka?" Yatsa ya kai.

Na tsayar da agogon wasa, na dubi alƙalin wasa da ke tsaye a kanmu. "Ya taɓa."

Lauya ya ce, "Ai kowa ya san gyarawa nake."

Alƙali ya ce, "Ni dai baƙar magana na ji, ban ji gyara ba."

Ba mai iya cin sojan nan sai sarauniya. Ya ci, na ɗauke ta da yatsu uku. Taku tara ya ƙara, ya kwantar da sarkinsa ya sallama, gumi ya wanke turaren.

Yanzu yana teburi na biyu. In zan wuce nakan karkata masa soja ɗaya. Kallonsa kawai yake, hannu a aljihu.