Dutsen Gugar Baba

Ranar da Baba ya ƙona katifa, Yaya ya zo da kwaɗo a aljihu. Sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba. Ya ajiye shi a kan tebur kusa da kwalaben magani, ya ce, "Auta, magana ɗaya ce. Idan za ki fita aiki, a kulle shi a ɗaki."

Na ce, "Ubanka ne fa, ba akuya ba."

"Na sani. Amma gidan nan na haya ne, ga maƙwabta, ga yaransu."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yana da gaskiya. Baba mai guga ne, da dutsen guga ya ciyar da mu. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi, sunayenmu suka zube masa ɗaya bayan ɗaya, hanyar banɗaki ma sai an nuna masa, amma hannun nan nasa bai manta aikinsa ba. Da safiyar ranar na leƙa shago sayen burodi, ya jona dutse, ya ɗora a kan gado, ya tafi taga yana kallon titi. Hayaƙi na tarar.

Muka ɓoye dutsen a saman kabad. To, daga nan zama ya ƙare a gidan. Baba ya buɗe wannan durowa ya rufe, ya zazzage kwandon wanki, ya leƙa cikin tukunya, ya dawo durowar farko. Daga ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa ɗaki, takalmi na ja a ƙasa, har ni da nake zaune ƙafata ta gaji.

"Wa ya ɗauki dutsena? Masu kaya za su zo."

"Babu mai zuwa, Baba. Ka bar aiki tuntuni."

"Ke ce! Tun da aka kawo ki gidan nan abubuwa suke ɓacewa."

Ni da na bar ɗakina na dawo ina yi masa wanka, yau ni ce ɓarauniya. Wallahi na ji zafi, har na yi masa tsawa, na dawo ina jin kunyar kaina. Na roƙi Yaya ya ɗan ba ni lokaci. Ya yarda, amma kwaɗon bai ɗauke ba, ya bar min shi a tebur yana kallona.

Nas ɗin da ke duba Baba ce ta ce akwai zaman da masu jinyar irin wannan ciwo suke yi a bayan asibiti. Na ce mata ni da ko kaina ban samu na tsefe ba, ina na ga lokacin zaman surutu? Ta ce in dai zo. Na je ina hura hanci. Benci ne da mutane masu jajayen idanu irin nawa, kowa wayarsa a hannu, yana jiran a kira shi a ce wani abu ya faru a gida. Da na faɗi maganar ɓarauniya sai wata dattijuwa ta kwashe da dariya.

"Ke ɓarauniya kawai aka ce miki? Ni jiya ce min aka yi na sayar da mota." Mijinta direba ne a da. Ta ce tun da ta damƙa masa tsofaffin makullai, a kujera yake wuni yana jiran lodi. "Kada ki yi masa gardama, 'yata. Ba shi abin hannunsa, ki dai cire wa abin haƙora."

Ban san ina ta tara kuka ba sai a kan bencin nan. Ba wanda ya ce in yi haƙuri, matar kawai ta matsa ta ba ni wuri.

Yaya mai gyaran wuta ne, don haka cire haƙora ba wuya. Ya kwance dutsen, ya zare duk abin da ke kawo zafi, ya mayar da murfi, ya bar wayar kamar ba a taɓa ba. Har da ɗaga min gira, wai aikin gwani. Muka shimfiɗa tsohon bargo a tebur, muka kawo kwandon kaya da kwanon ruwa, muka kira Baba.

Da ya ga dutsen sai ya tsaya cak. Ya ɗaga shi, ya goge ƙasansa da gefen riga, ya jona a soket, ya jira. Sannan ya lashi yatsa ya ɗan taɓa ƙasan dutsen.

Shiru.

Muka kalli juna ni da Yaya. Kai, mu ma dai! 'Ya'yan mai guga, da muka tashi da wannan "cas" ɗin a kunne kowace safiya, a ce mun manta Baba bai taɓa ɗora dutse a kan kayan mutane ba sai ya ji yawu ya yi ƙara.

Baba ya ce, "An ɗauke wuta." Ya ja kujera ya zauna jira. Ganin ya zauna, abin da ya daɗe bai yi ba, sai muka saki jiki. Na shiga kicin, Yaya ya koma ɗaki amsa waya. Da na fito ƙofa a buɗe take, babu Baba, babu dutse.

Ko mayafi ban ɗauka ba. Mai shago ya ce yanzu ya fita, ya roƙi a ba shi soket, ya gwada, ya ce nan ma babu wuta. Mai aski ya ce haka. Mai cajin waya ya nuna mana babban titi. Yaya na gaba ina baya, muna leƙa kowace ƙofa, motoci na wucewa fuu, ni kuwa duk burkin da aka taka sai na waiga. A bakin shagon walda muka same shi. Takalmi ƙafa ɗaya, wayar dutsen na jan ƙasa, ya miƙa dutsen yana matsawa wajen tartsatsi, mai walda na ta daka masa tsawa ya ja baya.

Yaya ya riƙo hannun Baba har muka iso gida. Ya ɗauki kwaɗon, ya yage ledar da haƙori, ya ciro sukundireba ya hau ɗaura ƙarfe a ƙofar ɗakin Baba. Ƙusa ta faɗi ya ɗauka ta sake faɗuwa.

"Yaya, don Allah."

"Kin ga titin nan? Kin gan shi? Gara ya zage ni yana raye."

Baba kuwa ya koma tebur, ya sake jona dutsen, amma idonsa na kan ƙofar waje, ƙafa ɗaya ta riga ta juya. Ina tsaye a bayansa. Ya lashi yatsa, ya kai. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne kawai ya yi.

"Cas!"

Baba ya janye yatsa da sauri, ya gyaɗa kai. Ya jawo rigar Yaya daga kwando, ya tsoma hannu a ruwa ya yayyafa, ya fara daga kwala kamar kullum. Kwala, kafaɗa, hannu, yana bin maɓallai a hankali. Rigar ba ta miƙe ba ko kaɗan, amma ya ninke ta tsaf. Ƙarar sukundireba ta tsaya.

Duk sabuwar riga sai ya gwada dutse, ni kuma in yi masa ƙara. A wajen wani wando, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Auta."

Rabon da in ji sunan nan a bakinsa har na daina sa rai.

"Na'am, Baba."

"Kin cika gaggawa. Ki bari yatsa ya taɓa tukuna."

Ashe ya sani. Ya lashi yatsa, ya taɓa, ya dakata yana jira, ni kuwa na buɗe baki babu abin da ya fito. Na ga ƙafarsa ta fara juyawa wajen ƙofa.

"Caaas!"

Daga bakin ɗaki ta fito, ƙatuwar murya, ba daɗin ji. Yaya ne, sukundireba a hannu, ido jajur.

Baba ya yarfe yatsa, ya ɓata fuska. "Wannan ai sai ya ƙona wa mutane kaya. A rage."

Yaya ya zura kwaɗon a aljihu, ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya share hanci da bayan hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Je ki shirya aiki. Amma nuna min yadda ake yin na daidai."