Bayan Jan Layi

"Sauke tukunyar nan, Noboru! Ban mutu ba ka fara rabon gado?"

Ina leƙe ta kan katanga. Maƙwabcina Baba Tokuji ya riƙe ƙofar motar kaya da hannu bibbiyu, ɗansa na ta loda. Tun da masu binciken dutse mai aman wuta da ke tsibirinmu suka ja jan layi a kan ƙauyenmu a taswirarsu, rigimar ke nan kullum. Wai dutsen yana kumbura ta ciki, babban aman wuta na nan tafe, ko baɗi, ko sai jikokinmu sun yi furfura.

"Uwarka na kwance a maƙabartar can sama," in ji Baba. "Wa zai share mata toka? Wa zai canza mata furanni?"

"Haba Baba, kowa fa ya tashi. So kake wuta ta cinye min kai?"

Haka aka tafi da shi Kagoshima, tsallaken ruwa, aka ajiye shi a saman bene. Ni na koma wajen ƙanwata a bakin tashar jirgin ruwa ta tsibirin.

Da sanyi ya shigo na kai masa lemun tsibirinmu. Wayyo! Mutumin da ke saɓa buhun doya a kafaɗa ya zama kamar tsinke. Ya juya kujerarsa tana fuskantar taga, dutsen na hayaƙi daga nesa.

"Mitsue, kin hau wurin kabarin matata?"

"Sun sa shinge, Baba."

Ya jima yana juya lemun a hannu bai ɓare ba. "Ki gaya wa yaron nan, gefenta zai kai ni. Ke yana jin maganarki."

Bai ga ƙarshen sanyin ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma rasa wanda zan zaga, don masu taswirar ba ƙarya suka yi ba.

Bayan an ƙona gawar bisa al'adarmu, Noboru ya rungumo akwatin ƙasusuwan a farin ƙyalle, muka hayo jirgi. A shingen, mai gadi ya cire hularsa ya rusuna.

"Ku yi haƙuri. Ko ni ban isa in wuce ba."

"Mahaifina ne fa," in ji Noboru. "Ga wurin can, ina ganinsa."

Mai gadin bai ɗago kai ba. Can sama ana hango 'yan rumfunan kaburburan sun yi furu-furu. Sai toka ta fara sauka a kan farin ƙyallen. Na buɗe lemata na riƙe a kan akwatin.