Miyar Ranar Haihuwar Boram

Saura kwana huɗu a zauna babbar jarrabawar shiga jami'a Boram ta kira Nari a waya ta ce ta fito bakin teku. Ba roƙo ta yi ba. Ranar haihuwarta ce, kuma tun suna ajin farko na sakandare su biyu da ƙawarsu Dasom suke tattaki a rairayin nan duk ƙarshen kaka, bayan baƙi sun watse, masu shaguna sun ja ƙofofinsu. Nari ta dubi littattafan da ke baje a gabanta, ta ce to. Ita dai ba ta taɓa iya ce wa Boram a'a ba.

Bara su ukun suka zauna jarrabawar. Boram da Dasom suka ci, suka tafi jami'a a Seoul, babban birnin ƙasar. Nari ta faɗi, ta kwashe shekara guda cur tana maimaita karatu a ɗakin da ke saman shagon babanta na gyaran raga.

Ta same su a matakalar da ke sauka rairayi. Boram ta rina gashinta ja-ja, tana sanye da sabuwar doguwar kwat, da jaka a kafaɗa.

"Ga uwar littafi nan," in ji Boram. "Ke, wannan rama haka? Ko takarda kika koma ci?"

"Barka da ranar haihuwa," Nari ta ce.

Dasom ta rungume ta da hannu ɗaya. Ɗayan hannun yana cikin aljihu, ba ta fito da shi ba.

Suka kama tafiya. Teku ta yi launin toka, iska kuma tana shiga har ƙashi. Babu kowa sai wani dattijo da karensa, da kifin da aka shanya a igiya yana lilo. Boram na gaba, tana ba Dasom labarin wani saurayi a jami'arsu da ya zubar da shayi a cinyar malami. Suka yi dariya har da tafawa. Sai ta waiwayo.

"Au, na manta ba ki san shi ba. Bari dai. In kin zo kya gan shi." Ta ɗan dakata. "In kin zo."

Nari ta sunkuyar da kai tana kallon yadda takalminta ke nutsewa a jiƙaƙƙen rairayi. Ta san me ake kawo wa mai jarrabawa a irin wannan mako: alewa mai danƙo, don sunansa ya manne a jerin waɗanda suka ci. Har mai sayar da kifi ta maƙwabtansu ta aiko mata da ita. Tana ta jiran ɗaya daga cikin ƙawayen nata ta miƙo, shiru.

Da suka kai baƙin dutsen da suka saba zama a bayansa, Boram ta buɗe jaka ta fito da fulas da kofi uku. Tana kwance murfin ƙamshin man riɗi da tafarnuwa ya tashi. Nan take Nari ta gane ko mene ne. Miyar ganyen teku ce, wadda kowa ke sha ranar haihuwarsa. Amma mai shirin jarrabawa ba ya kai ta baki, saboda santsinta, kada ya zame. Wata guda ke nan da mamar Nari ta kawar da ganyen daga ɗakin girki gaba ɗaya.

Boram ta cika kofi ta miƙo mata.

"Karɓi. Mamata ta yi sammako ta dafa."

"Boram," Dasom ta ce ƙasa-ƙasa, "ranar Alhamis fa take rubutawa."

"To sai me? Miya ce za ta riƙe mata alƙalami? Ke da kika haddace littafin kimiyya tun daga bango har bango, ki tsaya kina tsoron camfin tsofaffi?"

"Ba tsoro nake ji ba," in ji Nari. "Na ƙoshi ne."

"Ƙarya kike, cikinki har nan nake jin kukansa. Ranar haihuwata ce fa. Daga Seoul na taso, awa uku a mota, ki ce ba za ki sha miyar mamata ba? Bara ai kin sha, har da neman ƙari."

Nari ta karɓi kofin, don hannunta ya saba karɓa. Zafinsa ya ratsa yatsunta. Bara ma ana gab da jarrabawa aka yi wannan rana, a gidan su Boram. Ta sha don kada a ce ta raina girkin gidan mutane, ba ta gaya wa mamarta ba har yau. Ta san miya ba ta kayar da kowa. Ta sani sarai. Amma shekara guda ta yi tana tuna kwanon nan duk lokacin da ta buɗe littafi.

"Ga ni nan, bara na sha, na kuma ci jarrabawar," Boram ta ce. "Ko ba haka ba?"

"Ke ba ki sha ba," in ji Dasom.

Iska ta ɗaga murfin fulas ɗin ta gangarar da shi. Babu wadda ta bi shi.

"Me kika ce?"

"Ba ki sha ba. Ni ma ban sha ba. Kin ce mu tsoma cokali kawai, mu ci shinkafa." Dasom ta yi maganar tana kallon teku. "Kin ce ita ba komai, ai ta fi mu ƙwaƙwalwa."

Boram ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"To laifina ne da ta faɗi? Shekara shida malamai na cewa ku dubi Nari, ku yi koyi da Nari. Ga Nari nan, mun dube ta." Ta juyo. "Sha mana, 'yar gaban goshi. In kin yarda da kanki, sha mu gani."

Nari ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Sai ta miƙe da kofin, ta taka har inda kumfar ruwa ke lasar rairayi, ta tuntsurar da shi. Ganyen ya bazu baƙi-baƙi, igiyar ruwa ta zo ta kwashe. Ruwan ya shiga takalminta, sanyi kamar wuƙa.

Ta dawo ta ajiye kofin a kan dutsen.

"Ki gaida Mama," ta ce wa Boram. "Ki ce mata ban sha ba."

"Ke kika sani! Kada ki ƙara kirana!"

"Ke kike kira ai."

Ta juya. Dasom ta biyo ta taku biyu, ta kama gefen rigarta kamar za ta ce wani abu, Boram ta daka mata tsawa, ta saki ta koma.

Sai da Nari ta kai inda ake jiran mota, ƙafafunta sun mutu da sanyi, sannan ta ji wani abu a aljihun rigarta. Alewa mai danƙo ce, takardarta duk ta yamutse don daɗewa a hannun Dasom. Ta daɗe tana juya ta. Ta waiga rairayi, ta hango su can nesa, ja-jan kai a gaba, ɗayar na biye.

Ta ɓare ta gatsa. Sanyi ya busar da ita kamar dutse, har haƙorinta ya amsa. Ta bar ta a kumatu ta narke da kanta, ta zaro ƙaramin littafin tarihi daga jaka, ta buɗe inda ta tsaya.