Jan Alƙalamin Baba

Sadiƙa na cikin auna wa wata mata atamfa a shagon mahaifinta, a babbar kasuwar Garwa, sai wayarta ta yi ƙara. Aurélie ce, ƙawarta tun makarantar zanen gine-gine, wadda ta karɓi kwalin zanenta a tashar Yawunde ta miƙa wa alƙalan gasar zanen gini yadda ya zo, a liƙe.

"Ma chérie, ƙawata, nemi wuri ki zauna," in ji Aurélie. "Sun cire naki. Ko dubawa ba su yi ba."

"Jiƙewa ya yi a hanya?"

"Ina ma! Sunanki ne a jiki. Kowace takarda, da jan alƙalami, har lambar waya, alhali dokar gasar ta hana sa suna."

Sadiƙa ta dafa kanta. Ita da ta karanta yadda ake gasar gini a Ingila da Ailan tun ƙarni na sha tara, mai zane ya ɓoye sunansa don kada alƙali ya san wanda yake zaɓa, ita za a gaya wa wannan doka? Ɗakin karatu ta zana, mai baranda doguwa saboda zafin Garwa. Wanda ya ci, shi za a ɗauka aiki. Tun da ta gama karatu ba ta ga wata ƙofa ba sai wannan, kuma shekarunta za su wuce ƙa'idar shiga kafin a sake wata gasar. Ranar aikawa zazzaɓi ya kwantar da ita, sai mahaifinta, Alhaji Mahmudu, ya kai kwalin tasha.

Ga shi nan ya dawo daga sallar azahar.

"Baba, kai ka buɗe kwalin nan?"

"Ni ne mana! Duk karatunki, ki aika kaya Yawunde ba suna? Tun ba a haife ki ba nake loda dilolin atamfa. Kwali yagewa yake yi, shi ya sa na bi takardun ciki ɗaya bayan ɗaya na rubuta. In wani ɗan iska ya ce nasa ne fa?" Ya yi dariya. "Har sunan kakanki na ƙara, su san gidan da kika fito. Sun yi magana ne?"

Ta dubi fuskarsa. Rabon da ta gan shi cikin farin ciki haka har ta manta.

"Tukuna, Baba."

"Za su kira," ya ce, yana gyara zama a kan benci. "Ki dai bar wayar a kunne. Lambar na nan a kowace takarda."